Tsawon Hanƙuri

Shekarar da aiki ya kai ni Gulma, abin da kunnena ya fara tsinta a bakin Kabawa wani ɗan harafi ne. Inda mu 'yan Hausar littafi muke cewa haƙuri, su hanƙuri suke cewa. A tashar Argungu na fara jin ta. Motar Gulma saura mutum biyu ta cika, rana ta take, gumi ya jiƙa mini riga, na leƙa ta taga na tambayi yaron mota karo na uku yaushe za mu tashi. Wani dattijo da ke gefena, da ƙullin zaren saƙar homa a cinyarsa, ya dube ni ya ce, "Malam, hanƙuri dai. Mota ba ta tashi don ka ƙosa, sai ta cika."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na kama bakina. Amma kalmar ta zauna mini a rai. Ta fi tamu tsawo da harafi ɗaya, kuma dole harshe ya ɗan dakata a kan wannan harafin kafin ya ƙarasa. Tun daga ranar nake zargin su ne ke faɗin ta daidai.

Da ma Bahaushe da tsawo yake auna wannan hali, kamar mai awon igiya. Wanda ba ya iya jira, gajen haƙuri gare shi. Wanda aka kai bango yakan ce haƙurinsa ya ƙare, kamar an zura guga rijiya igiya ta gaza. Sai daga baya na tarar harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, su ma haka suke awon. A Ibrananci, in za a ce Allah mai jinkirin fushi ne, kalmomin da ake haɗawa, erek appayim, a zahiri dogon hanci suke nufi. A wurinsu ta hanci fushi ke huci, to wanda hancinsa ya yi tsawo, kafin hucin ya fito ya huce. (Mu dogon hanci a kirarin kyau muka ajiye shi.) A Helenanci kuwa, harshen Sabon Alkawari, akwai makrotumiya, wato doguwar zuciya, zuciyar da ba ta saurin hawa. Daga nan ne tsofaffin majami'a suka samo abin da har yau suke kira tsawon jimrewa. Helenanci yana da wata kuma, hupomone, zama ƙarƙashin kaya ba tare da an yar ba. Galibi makrotumiya da mutane ake yin ta, hupomone da wahala. Ga kuma tikwa ta Ibrananci: ita ce bege, ita ce kuma igiya. Jan zaren nan da Rahab ta ɗaura a tagarta a Yariko tana jiran ranar da za a cika mata alkawari, da wannan kalmar aka kira shi.

Mu kuwa kalma ɗaya muka lafta wa duk wannan kaya, har ta zama jakin unguwa, kowa ya ɗora nasa. Wanda ya taka ka a kasuwa, yi haƙuri. Gidan mutuwa, sai haƙuri. Mai bin bashi ya zo, a ƙara haƙuri. Amarya za a kai ta ɗaki, gwaggonni sun kewaye ta, nasihar duk ba ta wuce haƙuri ba. Sannan ga wanda ya fi ba ni tsoro: na haƙura. Manemin da ya janye, ya haƙura. Majinyacin da ya daina shan magani, ya haƙura. Tushe ɗaya, amma mai haƙuri yana riƙe da igiyar, wanda ya haƙura kuwa ya sake ta ta faɗa rijiya. In mai wa'azi ya tsaya ran Lahadi ya ce haƙuri ɗan Ruhu ne, wanne daga cikin biyun jama'a ke ji?

Wadda ta raba mini gardamar wata dattijuwa ce 'yar ƙasar Zuru, cikin Zumuntar Mata a 'yar majami'ar da nake zuwa sujada a Argungu. Ɗanta ya tafi neman kuɗi ta Agadas, ya kira sau biyu, daga nan shiru, shekaru suka yi ta wucewa. Tana da 'yar waya mai madannai, lambobin duk sun goge, an ɗaure murfin da roba. Ba ta iya karanta saƙo. Amma duk ranar da babu wuta sai ta kai ta shagon caji ta biya, kuma ko 'ya'yanta sun sayo mata sabuwa ba ta yarda a taɓa layin, don wannan lambar yaron ya sani. Wata rana bayan an tashi sujada na ji wata ƙanwarta a zumunta tana lallashinta, "Yaya, ki haƙura haka nan, ki bar wa Allah." Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ai haƙurin nake yi. Ban dai haƙura ba."

Hausa tana da kalmar da ta dace da abin da matar nan ke yi, kuma masu bi na Arewa sun daɗe da kama ta: sauraro. Dubi yadda take aiki. Ka saurari mai magana, wato ka ba shi kunne. Ruwa ya saurara, wato ya tsagaita. Ina sauraron zuwanka, wato ina jiranka. Kasa kunne, tsagaitawa da jira duk a baki ɗaya. Jira kam ana iya yin sa ana gyangyaɗi, kamar rabin mutanen motar nan ta Gulma. Dako yana da nauyi, kamar kayan ɗan dako. Tsumayi ya fi kusa. Amma sauraro ba ya yiwuwa sai akwai wanda kake jiran muryarsa, kuma ba ya yiwuwa in kai ma surutu kake yi. Idan Kirista Bahaushe ya ce yana sauraron Ubangiji, ya haɗa abu biyu da wasu harsunan sai sun nemo kalma biyu kafin su faɗa.

Haka ma bege. A bakin maƙwabtanmu Musulmi, begen Annabi shauƙi ne da kewa, shi sha'irai ke rerawa a Maulidi. A bakin Kirista kalmar ta ɗauki ma'anar sa zuciya ga alkawari, har ana raɗa wa yara ita, kamar yadda ake raɗa Alheri da Godiya. Amma ɗanɗanon kewar bai fita daga cikinta ba, kuma gara da bai fita ba. Fata kam abu ake yi wa, a yi fatan damina mai kyau. Bege sai wanda ake so.

Luka ya ba da labarin tsofaffi biyu a Haikalin Urushalima, Saminu da Hannatu. Abin da ke burge ni a labarin shi ne ganewar. Kullum ana kawo jarirai Haikali. Ranar nan wasu talakawa suka shigo da ɗan kwana 40 da hadayar marasa hali, 'yan tsuntsaye biyu. Babu tambura, babu algaita. Firistoci suka yi aikinsu suka wuce, tsofaffin nan biyu kaɗai suka gane. Shekarun da suka kwashe ba su tafi a banza ba, ido suka wasa musu.

Wanda ya zauna kwarin Rima ba sai an yi masa dogon bayani ba. Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi ta Argungu, ruwa ne da ake hana su a cikinsa har lokacin biki, Sarkin Ruwa na tsaron dokar. Shekara guda ana kallon ruwa, gasar kuwa ba ta fi awa ɗaya ba. A 2020, bayan wajen shekara 10 ba a yi bikin ba, giwar ruwan da ta zo ta ɗaya kilo 78 ta yi. Ba dabarar masunci ce ta ba ta wannan girman ba, ƙyale ta da aka yi ne. Shi kuma masunci ba kwance yake ba. Na sha zama wurin dattijon nan na mota, don ashe maƙwabcin gidan da na sauka ne. Da la'asar zai shimfiɗa homa a gwiwa, ya maƙale gefe ɗaya da babban yatsan ƙafa, yana bin ido ɗaya bayan ɗaya, inda ya ga zare ya yi laushi ya yanke ya sake ƙullawa. Gorarsa na rataye a inuwa kada rana ta tsaga ta. Na taɓa ce masa, "Baba, ai da sauran wata huɗu." Bai ɗago ba ya ce, "Ran da anka buɗe ruwa ba a ɗunkin homa, Malam." Shi Musulmi ne, bai san ya yi mini wa'azin budurwai goma da fitilunsu ba. Kuma ban manta ba, Yakubu da ɗan'uwansa gyaran taru suke yi a cikin jirgi sa'ad da Yesu ya kira su.

Shi kansa bikin ɗan dogon jira ne. Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa suka komo Argungu, aka shafe kusan ƙarni ana zaman doya da manja da Sakkwato. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, Sarki Muhammadu Sama ya tarbe shi da wasan su. Jikoki suka ci kifin sulhun da kakanni ba su gani ba.

Masunta sun ce inda ya fi wuya shi ne mintocin ƙarshe, dubban mutane jere a gaɓa, homa a hannu, ƙafa na ƙaiƙayi, ana sauraron bindiga. A irin wannan gaɓar Sarki Saul ya faɗi. Kwana 7 aka ce ya jira Sama'ila a Gilgal. Ya jira har ranar ta bakwai, ya ga mayaƙa na zamewa, ya miƙa hadayar da kansa, yana gamawa sai ga Sama'ila. Mutum yakan yi haƙurin shekara ya zubar da shi a sa'ar ƙarshe, kuma hujjarsa kullum mai ma'ana ce.

Akwai wani labarin jira a ƙasar Hausa da ya kamata a ce kowane ɗan makarantar Lahadi ya san shi. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya sa zuciyarsa ta ɗamfaru da Annabi Isa. Ya tara almajirai, aka kira su Isawa. Maganar ta kai fada, ya ƙi janyewa, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. Ba su da Linjila a hannu, ba su taɓa ganin majami'a ba. Abin da suka riƙe kawai shi ne za a zo musu da ƙarin labarin Isa. A can wani gefen kuma wasu na ta fama da harshe. James Schön, Bajamushe mai aikin mishan, da taimakon Dorugu, wani saurayi ɗan ƙasar Damagaram, ya buga sassa na farko na Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1857, Sabon Alkawari a 1880. Likita Walter Miller ya iso Kano a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ya samu zama a Zariya daga 1905, yana magani yana koyarwa, masu karɓar saƙonsa ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo har inda yake. Sama da shekara 40 ke nan da kashe malaminsu.

Da tatsuniya ce, nan za a ce ƙurunƙus. Amma aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta, cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ya yi musu ɓarna, garin ya watse. Mutanen da suka kwashe shekaru ido biyu suna sauraro, ciwon barci ne ya ɗebe su. Ba kuma dukan Isawa ne suka shiga ikkilisiya ba, wasu sun zauna kan abin da suka gada. Ragowar na Gimi suka koma Zariya, daga baya Wusasa, wurin da ya fitar da likitoci da malaman makaranta na farko-farko a Arewa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, shekara 75 bayan sassan farko. Schön da Dorugu duk ba su gan shi ba. Ina son labarin nan don bai yi mini ƙarya ba. Karin magana ta ce mahaƙurci mawadaci, ta ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Wasu sun dafa dutsen, wasu ne suka sha romon.

Yanzu bari in faɗi inda kalmar ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa bin haƙƙina a wani ofis wata da watanni. Duk zuwa, mai kujerar zai ce, "Malam, a ƙara haƙuri," yana duba wayarsa. Na kuma san matar da ta kai ƙarar duka wurin dattawa, fuska a kumbure, aka karanta mata aya aka ce ta koma ta yi haƙuri, mijin kuwa ko kiransa ba a yi ba. A ƙasar nan haƙuri haraji ne da ake karɓa daga na ƙasa. Littafin da muke karantawa kuwa daga sama yake gangaro da shi. Mai dogon hancin nan Allah ne, mai iko duka, kuma Bitrus ya bayyana abin da muke gani jinkiri da cewa haƙuri ne Allah ke yi da mu. A misalin da Yesu ya bayar na bawan da ake bi bashi mai yawa, haƙuri ya roƙa, sarki ya yafe masa. Ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa kan 'yan kuɗi kaɗan, shi ma ya roƙi haƙurin da kalma iri ɗaya, ya hana. Wanda aka hukunta a labarin mai ƙarfin da ya ƙi haƙuri ne. A 1963, daga kurkukun Birmingham a Amurka, Martin Luther King ya rubuta wa wasu limaman coci da suka ce baƙar fata su dakata tukuna, ya nuna musu cewa dakatawar da mai jin daɗi ke yanka wa mai shan wuya ba ta da ranar ƙarewa. Shi ma fasto ne, ya san ayoyin haƙuri sarai.

Kuma wa ya ce mai haƙuri bebe ne? Muna cewa haƙurin Ayuba, amma wanda ya karanta surori 42 na littafinsa ya san mutumin ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi gardama da abokansa, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. Abin da bai yi ba shi ne juya baya. Abokan da suka zo da nasiha mai santsi su aka tsawata wa a ƙarshe. Zabura ta 13 sau huɗu take tambayar Allah sai yaushe. Gwauruwar da ta dami azzalumin alƙali da sintiri har ya gaji ya bi mata haƙƙinta, ita aka ba mu misali a kan addu'a. Duk waɗannan da a unguwarmu suke, da an ce ba su da haƙuri.

Inda ya kamata a yi shiru kuwa, nan muke sakin baki. Duk wanda ya ce a Gulma yake aiki ya san ba'ar da ke biyowa, abokaina na Birnin Kebbi har yau ba su gaji ba. To ita gulmar, in ka duba, gajen haƙurin harshe ce: yanke wa mutum hukunci tun labarinsa bai ƙare ba. Manoman fadama sun san akwai ciyawar da ba ka raba ta da shinkafa sai ta fid da kai. Mai gonar da ke cikin misalin Yesu ya hana barorinsa cire zawan tun da wuri, kada su tumɓuke da alkama.

Ba don na iya nake wannan rubutu ba. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta ɗan littafi kan haƙuri wajen shekara ta 200, ya fara da amsa cewa shi kansa ba shi da shi, yana maganarsa ne kamar yadda majinyaci ke zancen lafiya. Wannan ya kwantar mini da hankali. Abin lura, manyan da suka fara yi wa haƙuri littafi a ikkilisiyar Latin duk 'yan Afirka ne: shi, da Sifiriyan na Kartaj a 256, da Agustin na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. Agustin kuwa ya ga abin a gida. Mahaifiyarsa Monika ta bi shi da kuka da addu'a shekara da shekaru, har ta haye teku ta same shi a Italiya, aka yi masa baftisma a Milan a 387, ta rasu a shekarar. A wani wa'azinsa ya kwatanta jinkirin Allah da mai buɗa bakin jaka: abin da za a zuba yana da yawa, jakar ta yi kaɗan, sai a yi ta jan ta tana faɗi.

Ni a fadamar Gulma na ga wannan. Akwai shinkafar gargajiya ta kwarin nan da ake shukawa kafin ruwa ya sauko. In gulbi ya fara cika, ba ta tsayawa ya shanye ta. Ruwa ya ƙaru, karanta ya ƙara tsawo, ya sake ƙaruwa, ta sake miƙewa, saiwa na ƙasa cikin laka, kai na sama yana shan iska. In ruwa ya janye aka zo yanka, sai ka ga kara ya fi mutum tsawo, kwance a tabo. Ruwan da ya zo kamar zai kashe ta shi ya ja ta. Amma ita ma tana da iyaka. A daminar 2020 ruwa ya zo da gaggawa, ya shafe gonakin shinkafa a Argungu da sauran sassan Kebbi, mutane suka tsaya a tudu suna kallon bashin da suka ci yana tafiya. Wasiƙar Yakubu ta ce a koyi jira wurin manomi mai sauraron ruwan fari da na ƙarshe, amma ban iya buɗe baki na faɗa wa kowa haka a makon nan ba. Da ruwa ya janye na ga waɗansu sun fara gyaran injin ban ruwa don noman rani.

Lahadin farko ta Disamba ce, hunturu ya fara busawa, lokacin da ikkilisiya ke ware makonni huɗu na sauraro kafin Kirsimeti. Ana tsakiyar addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, sai waya ta yi ƙara a layin mata. Dattijuwar nan ta zabura, hannunta na rawa tana kwance bakin zane, ta fita da sauri ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. Ta taga nake hangen ta, ta manna wayar a kunne da hannu biyu. Ba a jima ba ta dawo. Ta zauna, ta raɗa wa ta kusa da ita cewa masu tallan waƙa ne na kamfanin layi. Ta miƙa wa wata yarinya wayar ta duba mata ko cajin zai kai dare, yarinyar ta ce saura sanda biyu. Ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane, ta sunkuyar da kai.